Ragin Ma'aikatan Kanti: Wa Ke Cin Ribarsa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau kanti za mu shiga, amma ta ƙofar baya, wadda ma'aikata ke bi da sassafe kafin a buɗe wa masu saye.

Akwai wani albishir da akan yi wa mai neman aiki a manyan kantuna ranar da za a ɗauke shi. An faɗa masa albashi, ya ɗan yi jim don kuɗin bai kai yadda ya zata ba, sai manaja ya ƙara da cewa, "Kuma fa muna da ragin ma'aikata. Duk abin da ka saya a nan, za a sauke maka kashi 10 cikin 100." Nan take fuska ta saki. To wannan ragi shi ne batunmu na yau. Nawa yake kawowa aljihu in an buga lissafi, me ya sa kamfanoni ke son ba da shi haka, kuma a wace gaɓa yake daina zama alheri.

Mu fara da inda abin ya fi girma. A Amurka akwai kamfanin Walmart, wanda Sam Walton ya buɗe kantinsa na farko a garin Rogers na jihar Arkansas a 1962. Yau ma'aikatansa a Amurka kaɗai sun kusa miliyan 1.6, a duniya kuwa sun haura miliyan 2. Wanda ya cika kwana 90 yana aiki, akan ba shi kati. In ya zo biyan kuɗi ya miƙa katin, sai na'ura ta cire masa kashi 10.

Shekara da shekaru, kafin 2025, katin nan yana da wani giɓi da ma'aikata suka daɗe suna ƙorafi a kai. Yana ci a kan tufafi, kayan lantarki, kayan wasan yara, har da ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu. Amma madara, nama, taliya, shinkafa, ainihin abin da ake ɗora tukunya da shi kullum, babu ragi, sai a 'yan makonnin bukukuwan ƙarshen shekara. Alhali kayan abinci su ne wajen kashi 60 na cinikin kamfanin a Amurka. Ka ɗauki matar da ta yini a tsaye tana jera robobin madara cikin firji. An tashi aiki, ta ɗauki guda don 'ya'yanta, abin da baƙon da ya shigo daga titi zai biya shi za ta biya. In talabijin take so kuwa, ga ragi nan yana jiranta. Sau nawa mai ƙaramin albashi yake sayen talabijin? Sai a watan Agustan 2025 kamfanin ya sanar da cewa ragin ya game kusan dukkan kayan abinci, kuma duk shekara.

Don a gane nauyin wannan sauyi, a 2020 ofishin da ke yi wa majalisar dokokin Amurka bincike kan kuɗin gwamnati ya fitar da wani rahoto. A jihohin da ya duba, Walmart na sahun gaba cikin kamfanonin da ma'aikatansu ke karɓar tallafin abinci na gwamnati. Yawan ma'aikatansa ma ya taimaka wajen kai shi wannan sahu, gaskiya ne. Duk da haka ka ga mutum yana aiki tsakiyar abinci, yana cika tukunyarsa da tallafi, katin raginsa kuma a lokacin bai san yawancin abinci ba.

Me ya hana a sa abinci tun farko? Riba. Ribar kayan abinci siririya ce, ta tufafi kuwa mai kauri. Kamfani yakan yi kyauta ne a inda kyautar ba za ta yi masa ciwo ba.

A nan nake so mai sauraro ya ɗauko biro, ko ya buɗe kalkuletar wayarsa, don lissafin nan shi ne zuciyar maganar. Mu yi shi da naira, misali ne kawai. A ce kanti ya saro kaya a kan naira 7,500, yana sayarwa naira 10,000. Ma'aikaci ya zo da katinsa, aka sauke masa kashi 10, ya biya 9,000. A idonsa ya ci ribar naira 1,000. A littafin kanti fa? An sayar da kayan 7,500 a kan 9,000, saura 1,500 a sama. Kanti bai yi asara ba, ribarsa ce ta ɗan rame. In kuwa da ma ma'aikacin nan a wani kantin zai yi cefanensa, katin ne ya jawo shi, to kanti ya samu 1,500 da ba zai taɓa gani ba.

Yanzu kwatanta da ƙarin albashi. In aka ƙara wa ma'aikaci naira 1,000, cif take fita daga asusun kamfani kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A kanta ake lissafa kason fansho, wanda a Najeriya dokar 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki aƙalla kashi 10. Kuma albashi in ya hau, saukar da shi rigima ce. Ragi kuwa takardar sanarwa guda a allon ofis ta isa ta canza shi. Ga kuma babbar: kuɗin albashi ma'aikaci na iya kai shi duk inda ya ga dama, kuɗin haya, kuɗin makaranta, asibiti. Ragi ba ya biyan haya. Ba ka ganin sa sai ka kashe kuɗi, kuma a kantin maigidanka. Kamar ruwan da aka ɗebo daga rijiya ne, aka zagaya da guga aka mayar da shi cikinta.

Ba ina cewa akwai mugunta a ciki ba. Ciniki ne, kowa na neman nasa. Kamfani yana da wasu dalilan ma. Aikin kanti aiki ne da mutane ke shiga yau su fita gobe, kuma kowane sabon hannu sai an ɓata lokaci an koya masa. Shi ya sa ake cewa sai ka yi wata uku, shi ya sa kuma a Walmart wanda ya kai shekara 20 yana aiki yakan riƙe katinsa ko bayan ya bar aikin. Sannan wanda ya yi amfani da kaya a gidansa ya fi iya yi wa mai saye bayaninsu. Dalilai ne masu kyau, amma dalilan kamfani ne.

Hukumomin haraji sun daɗe da gane cewa ragi na iya zama albashi a ɓoye. A Amurka, tun dokar 1984, ragin ma'aikaci kan kaya ba ya shiga haraji matuƙar bai wuce kason ribar da kamfanin ke ɗorawa a kan kayansa ba. In aikin hidima ne, kamar gyara ko masauki, iyakar ita ce kashi 20. Abin da ya haura haka, albashi ne a idon hukuma, sai a yanki haraji. A Jamus kuwa adadi suka yanke: yuro 1,080 a shekara. Ka ga dokar Amurka kanta ta ja layin ne daidai inda kanti zai fara asara. Ƙasa da layin, ciniki ake yi da kai.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun ragin ma'aikatan kanti. Kaso ba shi ne ma'auni ba. Kamfanin tufafi na Gap yana ba ma'aikatansa ragin da ya kai kashi 50. John Lewis a Ingila, wanda tun 1929 aka fara mayar da shi mallakar ma'aikatansa, yana ba da har kashi 25. Amazon kashi 10 ne, amma da rufi: dala 100 a shekara, in ka kai nan ka gama. Costco kuwa, wanda ya yi suna a Amurka wajen biyan albashi mai tsoka, ba ya yi wa ma'aikatansa ragi a kan kaya, katin shiga kantin kawai yake ba su kyauta. In aka ce in zaɓa wa ɗana tsakanin kashi 50 a kan wandon kanti da albashi mai kauri babu ragi, ba zan yi dogon tunani ba.

Mu dawo da lissafin gida. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A ce mai ɗaukar wannan albashi yana kashe 30,000 a cefane duk wata, kuma duk a kantin da yake aiki. Kashi 10 ya zama 3,000. Ba a raina ba, kuɗin mota ne na wasu kwanaki. Amma tsaya. Shinkafar da ke cikin leda mai tambari, a kanti mai na'urar sanyaya ɗaki da janareta, farashinta ɗaya da wadda ake auna maka da kwano a kasuwa? In ta kanti ta fi tsada da kashi 15, aka sauke maka 10, har yanzu mai kwano ya fi sauƙi, kuma shi kana iya tayawa, ya yi maka gyara a sama. Ragi na gaske ana auna shi ne da farashin inda da ma za ka saya, kuma a kan abin da da ma za ka saya.

Wannan sharaɗi na biyu shi ya fi kayar da mutane. Wanda ya yi awa takwas yana kallon kaya, yana shafa su, yana jera su, ya riga kowa ganin sabon da aka sauke daga mota, zuciyarsa ba dutse ba ce. Turaren naira 20,000 ya koma 16,000, ya ce ai ya ci ribar 4,000. Ribar ina? Ya fitar da 16,000 da ba su cikin lissafinsa na watan. 'Yan matan da ke aiki a kantunan kayan kwalliya da samarin shagunan waya sun san abin da nake faɗa.

Wani lokacin ma ba zuciya ce ke tura mutum ba, manaja ne. A kantunan tufafi ana so mai sayarwa ya sa kayan gidan, ya zama talla mai ƙafa. Muddin ganin dama ne, babu laifi. Amma a jihar Kalifoniya doka ta ce in mai ba da aiki ya wajabta wata sutura, shi zai biya kuɗinta. A 2003 kamfanin Abercrombie & Fitch ya amince ya biya dala miliyan 2.2 don kashe maganar zargin cewa yana matsa wa ma'aikatansa su sayi tufafinsa su sa a wurin aiki. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya biya. An yi musu ragi fa a kan tufafin. Sai dai abin da aka tilasta maka saye, ko an raba kuɗinsa biyu, rabin da ka biya daga albashinka aka yanka.

Wannan rigima tsohuwa ce. A Ingila ta zamanin farkon masana'antu, masu ma'adinai da masaƙu kan biya leburori da kaya, ko da takardar da ba ta ci sai a kantin maigida, inda kaya ke da tsada kuma ba su da kyau. Majalisa ta yi dokar hana haka a 1831. A garuruwan haƙar kwal na West Virginia da Kentucky a Amurka, kamfanoni har sulallan kansu suke bugawa, waɗanda ba sa sayen komai in ka fita daga garin. A Meziko, manyan gonakin zamanin Porfirio Díaz suna da irin waɗannan kantuna, inda bashi ke bin manomi har ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Tsarin mulkin 1917 ya haramta su bayan juyin juya hali. Kada a ce labarin da ne: a watan Satumban 2008 kotun ƙolin Meziko ta yanke hukunci kan reshen Walmart na ƙasar, wanda ke ba ma'aikata wani ɓangare na haƙƙinsu a katin da ba ya ci sai a kantunansa. Kamfanin ya ce shirin na ganin dama ne. Kotu ta ce ya yi kama da kantunan gonakin nan na da, ta soke shi ga ma'aikacin da ya kai ƙara.

Mu ma doka ba ta bar mu a baya ba. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ta ce a biya albashi da kuɗin ƙasa, kuma kada a tilasta wa ma'aikaci saye a kantin mai ba shi aiki. Najeriya da Nijar duk sun amince da ita jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Sassan farko na Dokar Ƙwadago ta Najeriya sun maimaita haka: albashi da kuɗi ake biya, kuma duk yarjejeniyar da ta gindaya wa ma'aikaci inda zai kashe albashinsa ko yadda zai kashe shi, haramtacciya ce.

Na kawo wannan ne saboda wani abu da ke faruwa a shagunanmu ba tare da kowa ya kira shi da sunansa ba: littafin bashi. A kasuwanni irin Kantin Kwari ko Singa a Kano babu kati, babu na'ura. Yaron shago in zai yi ɗinkin Sallah, maigida yakan ce, "Ɗauka, ka ba da uwar kuɗi." Wani maigidan ma ya ce ya bar masa. Wannan ragi ya fi na Walmart nesa ba kusa ba, don an yafe ribar gaba ɗaya. Rauninsa shi ne ba a rubuce yake ba, ya dogara da hali da kuma yadda maigida ya tashi ranar. A kantunan zamani kuma sai aka haɗa ragi da bashi: ɗauki yanzu, a rubuta, a cire ƙarshen wata. Yau katan ɗin taliya, jibi man gyaɗa, mako mai zuwa takalmin yaro. Ranar albashi akawu ya buɗe littafi, ya zare, ya miƙo maka ragowar da ba za ta kai ka tsakiyar wata ba. Me za ka ci? Sai ka koma littafi. Babu wanda ya tilasta maka da baki, amma watan da ka so barin aikin za ka tarar bashi ya riƙe maka riga. In mai kanti ya fara cewa, "Wannan watan babu kuɗi, ku ɗauki kaya a madadin albashi," to an fita daga ragi, an shiga abin da doka ta hana.

(Gajeren kiɗa)

Saura abu guda, wanda a ganina ya fi cin ma'aikatanmu fiye da duk abin da na lissafa. Dangi.

Ga saurayi a bakin na'urar karɓar kuɗi, layi ya yi tsawo. Ya ɗaga kai, sai ga goggonsa da kwando cike da kayan azumi. Bayan gaisuwa ta rage murya: "Ɗana, ba an ce ku ana yi muku ragi ba? Sa mini a naka mana." Ita ce ta goya shi. Ita ta biya masa kuɗin jarrabawa shekarar da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Ya ce a'a da wane baki? Ya waiga, manaja ba ya kusa, ya goga katinsa.

Abin da bai tuna ba shi ne na'ura ba ta da goggo. Ta rubuta lambar katinsa, da lokaci, da kayan, da cewa shi ne ke kan kujerar a lokacin. Ta rubuta cewa da katin bankin wata aka biya. Kyamarar da ke sama ta ɗauki sauran. A yawancin manyan kantuna an hana ma'aikaci buga wa kansa ciniki, kuma ragin nasa ne shi da iyalin da ke ƙarƙashinsa. Ƙarshen wata mai binciken kuɗi ya ga mai albashin 70,000 ya yi cefanen 300,000. Ba sai an yi dogon bincike ba. Abin da goggo ta samu bai fi 'yan dubbai ba, shi kuwa aikin ne ya tafi, da kuma shaidar da zai nuna a wani wurin.

Haka masu saye da ragi su ɗora hoton kayan a WhatsApp suna neman mai saye. A idonsu dabara ce ta neman na cefane, a idon kamfani cin amana ne, kuma kora ce hukuncinsa kusan ko'ina.

Laifin ba na yaron nan kaɗai ba ne. Mu iyaye da yayye da abokai mu ne muke sa su a tsaka mai wuya. Wanda ya san ƙaninsa na aiki a kanti, ya yi masa alheri guda: ya bi wani layin. Kai kuma ma'aikaci, akwai mafita da ba ta ɓata zumunci. Ka ce, "Goggo, katin nan ana bibiyar sa, in na sa miki aikina zai tafi." Babu goggon kirki da za ta ji haka ta nace. Wasu kantunan ma suna ware ranakun da ake yi wa dangi da abokan ma'aikata ragi a fili. In naku yana yi, ka ce ta jira ranar. In kuma ƙa'idarku ta yarda da sayen kyauta, ka saya da kuɗinka bayan ka tashi aiki, wani ya buga maka, ka kai mata gida.

Ga mai shirin karɓar aikin kanti, kafin ka sa hannu ka tambaya, kuma ba rashin kunya ba ne. Ragin nan a kan wane kaya yake ci, akwai abinci a ciki? Yaushe zai fara? Yana da rufi? Yana hawa kan kayan da aka riga aka karya wa farashi? Wa da wa aka yarda su yi amfani da shi, matarka, iyayenka? A nuna maka a rubuce. Sannan ka cire shi gefe, ka dubi albashin shi kaɗai, ka tambayi kanka ko zai riƙe ka. In zai riƙe ka, ragi ya zama ƙari mai daɗi. In ba zai riƙe ka ba, a kan albashin za ka yi ciniki.

Ku kuma masu kantuna da ke saurarenmu, in za ku yi ragi ku sa shi a kan shinkafa da mai da sabulu da madarar yara, inda zai taɓa tukunya. Ku rubuta ƙa'idar da Hausa, ku manna a inda kowa zai gani, har da wanda aka yarda ya ci moriyarta. Littafin bashi kuma ku yi masa iyaka, yadda ma'aikaci zai riƙa komawa gida da mafi yawan albashinsa a hannu.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)